Robar da ba ta narkewa da sabbin robobin da aka gano: ina amfaninsu gare mu a Kaduna?

Mai Injin Kakuri ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da dukkan jama'ar wannan zaure, musamman malamanmu da suka karanci ilimin sinadarai, domin su ne tambayata ta fi shafa.

Shekarata ta shida ke nan ina sana'ar niƙa roba a wani ɗan fili da na kama haya a bayan Kakuri. 'Yan jari-bola suna kawo mini fasassun bokitai da baho da kujeru da jarkoki, mu auna a sikeli, yarana su ware su launi-launi, mu wanke, mu zuba a inji ya farfasa, sannan mu ɗura a buhu mu aika wa masu masana'anta a Kano, waɗanda suke narkar da ita su zuba sabbin kaya. A watan jiya wata masana'anta ta dawo mini da buhu goma sha ɗaya, saboda an sami ɓarɓashin mariƙin tukunya da na soket ɗin lantarki da na farantan nan masu kama da tangaran a cikin kayan, kuma sun ce waɗannan ba su narkewa, toshe musu bakin inji kawai suke yi. Ban ga laifinsu ba, domin da na gwada da kaina a kan wuta na ga mariƙin tukunyar yana baƙi yana hayaƙi amma bai ko yi laushi ba.

Da na ba ƙanina labari, wanda yake karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sai ya ce mini masana a ƙasashen waje sun gano sabuwar roba mai tauri irin wannan, wadda duk da taurinta ana iya warware ta a mayar da ita sinadaran da aka haɗa ta da su tun farko. Maganar ta tsaya mini a rai. Ina roƙon wanda ya san lamarin ya yi mini bayani: me ya sa wata roba take narkewa wata kuma ba ta yi, shin da gaske ne an gano wannan sabuwar, me za a yi da ita, kuma akwai wani abin da mai ƙaramar sana'a irina ya kamata ya fara shiryawa tun yanzu? Allah ya saka da alheri.

Malamin Kimiyya Tudun Wada ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya mayar maka da mafi alherin abin da ka rasa. Abin da ƙaninka ya faɗa maka gaskiya ne, amma ba za a ga girman abin da aka gano ba sai an fara fahimtar dalilin da ya sa mariƙin tukunyarka ya ƙi narkewa.

Kowace roba dogayen zarurruka ce na ƙananan ƙwayoyin sinadari da suka kama juna ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi. A kashi na farko, zarurrukan suna kwance ne a cakuɗe ba tare da an ɗaure wani da wani ba, don haka idan zafi ya ratsa su sai su saki jiki su malale, idan sun huce kuma su sake daskarewa, kamar yadda kakin zuma yake yi. Bokiti da kujera da jarka da gorar ruwa duk daga wannan kashin suke, kuma shi ne tushen sana'arka. A kashi na biyu kuwa, a lokacin da ake gasa robar a cikin mazubi zarurrukan suna ƙulluwa da juna ta kowane ɓangare kamar tarun masunta, har abin gaba ɗayansa ya zama dunƙule guda. Misalinta shi ne tukunyar ƙasa: kafin a gasa ta mai ginin tukwane tana iya jiƙa yumɓun ta sake gini, amma da zarar ta fito daga wuta, ko an daka ta tsingaro za a samu, ba za ta koma yumɓu ba. Roba ta farko da ɗan Adam ya haɗa kacokan daga sinadarai, wato Bakelite, wadda Leo Baekeland ya ƙirƙira a Amurka a 1907, daga wannan kashi na biyu take, kuma danginta ne har yau ake yin mariƙin tukunya da kayan lantarki da su, saboda ana son abin da zafi ba zai lanƙwasa shi ba. Ka ga ke nan abin da ya sa take da amfani shi ne kuma ya sa ba a iya sake sarrafa ta.

Shekara fiye da ɗari masana'antu suna zaune da wannan matsala. Soson katifa, da gam ɗin nan mai ƙarfi da ake haɗa kala biyu kafin a shafa, da allon da ake jera ƙananan kayan waya da kwamfuta a kansa, da fukafukan injinan samar da lantarki daga iska, duk idan sun tsufa sai dai a binne ko a ƙone. Jirgin sama ƙirar Boeing 787 kusan rabin nauyin jikinsa haɗin irin wannan roba ne da zaren gawayi, wato wani siririn zare mai ƙarfi da ake yi da sinadarin kabon, saboda ya fi ƙarfe sauƙin nauyi, yana rage shan mai.

Abin da ƙaninka ya ji ya fi kama da aikin da aka yi a cibiyar binciken kamfanin IBM da ke Almaden a jihar Kalifoniya. Wata masaniyar sinadarai mai suna Jeannette García tana haɗa wani gwaji da ke buƙatar sinadarai uku, sai ta manta ba ta zuba ɗaya ba. Da ta dawo sai ta tarar ruwan da ke cikin kwalbar ya zama farin dunƙule mai tsananin tauri, har sai da ta fasa kwalbar da guduma kafin ta fitar da shi. Maimakon ta jefar da shi ta ce gwaji ya lalace, sai ita da abokan aikinta suka tsaya suka bi diddigin abin da ya faru, suna taimaka wa kansu da lissafin kwamfuta, har suka gane cewa sabon dangin roba ne ya fito. An buga sakamakon a mujallar Science a watan Mayun 2014, kuma cikin masu binciken akwai masana daga cibiyar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdul'aziz da ke Saudiyya. Ana kiran robar da haruffan PHT. Tana da tauri kusan irin na ƙashi, ba ta da nauyi, yawancin sinadaran da suke narkar da wasu robobi ba su yi mata komai, amma idan aka jiƙa ta a cikin ruwan asid mai ƙarfi sai ƙullin ya kwance, a kwashe ainihin sinadarin da aka fara da shi a sake yin sabuwa. A cikin aikin sun kuma sami wata 'yar'uwarta mai danƙo, wadda idan aka yanka ta biyu aka haɗa bakin yankan sai ta manne ta koma ɗaya. Amfanin da suka hango wa mai taurin shi ne sassan mota da jirgin sama da kayan lantarki masu tsada, inda idan an yi kuskure a wajen ƙira za a iya warwarewa a ceci kayan, ita kuma mai danƙon an hango mata aikin gam da kuma riƙe magani ko ƙamshi tana sakinsa a hankali.

Ba su kaɗai suka bi wannan hanya ba. Tun a 2011 Ludwik Leibler da ɗalibansa a birnin Faris na Faransa sun fito da wata roba mai ƙulli wadda ƙullinta yake iya sauya wuri idan ta ji zafi sosai, ta yadda za a iya lanƙwasa ta ko a yi mata walda kamar yadda ake sarrafa gilashi. A 2019 kuma ɗakin binciken Lawrence Berkeley a Amurka ya sanar da wata mai suna PDK, ita ma asid ne yake warware ta, har a raba ta da launin da aka zuba mata. Wannan na ƙarshe ya kamata ya ja hankalinka, domin kai ka fi ni sanin yadda baƙar roba take faɗuwa a farashi idan aka kwatanta da fara.

Game da abin da za ka yi yau, shawarata ba ta da alaƙa da sabuwar roba. Ka gina wurin tara ruwa na siminti ko ka yanka tanki ka cika da ruwa, ka riƙa zuba niƙaƙƙen kayanka a ciki kafin shanya. Robar jarka da ta bokiti, masu lamba 2 da lamba 5 a ƙarƙashinsu, sun fi ruwa sauƙi don haka suna tasowa sama, su kuwa mariƙin tukunya da soket da farantan nan nutsewa suke yi, haka ma robar gora mai lamba 1 da ta bututun ruwa mai lamba 3. Sai dai wasu kujerun ana cakuɗa musu garin farar ƙasa don a rage tsada, irinsu suna iya nutsewa, sai ka ware su daban tun kafin niƙa.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa ya amsa:

Salamu alaikum. Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara masa ilimi. Ni dattijo ne, na yi shekara ashirin da huɗu a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri kafin a rufe ta, kuma abin da nake so in ƙara wa ɗana mai tambaya shi ne maganar lokaci, domin kada ya ji labarin ganowa ya ɗauka gobe za a sauke masa kayan a tasha.

A masaƙa mun yi aiki da zaren roba da ake haɗawa da auduga don yadi ya daɗe kuma kada ya yamutse. Wannan zaren da gorar ruwan da kuke tsinta yau abu ɗaya ne, sunan PET ne ya haɗa su. Mutum biyu, Whinfield da Dickson, ma'aikatan wani kamfanin buga yadi a Manchesta ta Ingila, su ne suka yi rajistar ƙirƙirarsa a 1941, amma ba a yi rajistar gorar lemo da aka yi da shi ba sai a 1973. Robar da ake yin leda da ita, ita ma da tsautsayin gwaji aka gano ta a kamfanin ICI na Ingila a 1933, kuma aikinta na farko mai muhimmanci shi ne naɗe wayoyin na'urar hango jiragen sama a Yaƙin Duniya na Biyu, ta yi shekaru tana kayan soja kafin ta zama ledar da ake ƙulla gishiri. Teflon da ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama, Roy Plunkett ya ci karo da shi ne a 1938, bai shiga ɗakin girki ba sai a shekarun 1950. Duk wadda ka duba cikinsu, sai ta fara zama a hannun masu kayan tsada, sannan a hankali ta sauko kasuwa idan an gina masana'antar da za ta yi ta da yawa har farashinta ya karye.

Saboda haka ni a ganina waɗanda sabuwar robar za ta fara amfana a garin nan su ne masu ƙere-ƙere irin na masana'antar kayan tsaro ta DICON, wadda take Kakuri tun 1964, da masu haɗa motoci, da sojojin sama waɗanda suka ƙaddamar da jirginsu marar matuƙi mai suna Tsaigumi a nan Kaduna a 2018, tunda irin waɗannan jiragen abu marar nauyi mai ƙarfi suke nema.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗanyen kaya. Matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980 an yi mata sashen sinadarai, amma abin da aka tsara ya fitar shi ne sinadarin yin omo, ba ƙwayar roba ba, wato ɗanyar robar da ake narkarwa a zuba kaya. Ƙwayar robar da masana'antun Arewa suke narkarwa tana zuwa ne daga masana'antar sinadarai ta Eleme a jihar Ribas, ko daga ƙasashen waje ta tashar jiragen ruwa, ga kuma matatar Dangote a Legas da ta fara fitar da robar PP, wato mai lamba 5, a 2025. Kowane buhu sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a bayan tirela kafin ya iso mu. Wannan ne ya sa niƙaƙƙiyar robarka take da daraja a Kano, domin kai ne Elemen da ya fi kusa da su. Ka riƙe sana'arka da kyau, ɗana, ka tsaftace kayanka kamar yadda Malam ya ce.

Hajiya Mai Wake Kawo ta amsa:

Assalamu alaikum. Ni ba masaniyar sinadarai ba ce, sana'ata saye da ajiyar wake da masara, amma roba ta canza mini sana'a, shi ya sa na ga ya dace in sa baki.

A da idan kaka ta yi muka sayi wake, sai mun barbaɗa masa magani kafin mu ɗinke buhu, in ba haka ba kafin azumi ƙwari sun mayar da shi gari, kuma kullum hankalina ba ya kwanciya da abincin da aka zuba wa guba. Da buhun nan mai hawa uku ya zo, wanda ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka tsara tare da masu binciken noma na ƙasashenmu, sai na daina. Leda biyu ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, ana ɗaure kowanne daban, iska ba ta shiga, ƙwarin su ƙare iskar da ke ciki su mutu. Ba sabuwar roba aka gano ba, tsohuwar ce aka zauna aka yi tunanin yadda za ta yi wa manomi aiki, kuma ni wannan ya fi mini labarin fukafukan jirgi.

Idan masana suna neman abin da za su gano mana, ina da buƙata biyu, kuma ina son Malam ya gaya mini ko akwai waɗanda suke aiki a kansu. Ta farko ita ce roba mai jure ranarmu, domin buhun saƙa idan ya yi wata uku a fili sai ya riƙa ruɓewa a hannu yana zama ƙura, haka ma tiyon ban-ruwa na masu lambu a bakin Kogin Kaduna. Ta biyu ita ce leda mai ruɓewa a ƙasa. Bara tunkiyata ta rame ta daina cin abinci, da aka yanka ta sai mahauci ya ciro dunƙulen leda daga tumbinta, kuma duk wanda yake zaune a Kawo ko Rigasa ya san abin da ledar ruwan sha take yi wa kwatoci idan damina ta kankama.

Mai Injin Kakuri ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Baba, na gode Hajiya. Jiya na yanka tsohon tanki na gwada da ɗaya daga cikin buhunan da aka dawo mini da su, kuma wallahi na ga baƙin ɓarɓashin ya kwanta a ƙasa, mai kyan ya taso. Zan bi sauran buhunan goma haka. Sai dai ina da ƙarin tambaya ga Malam: tunda asid ne yake warware sabuwar robar, shin idan na jiƙa tarin mariƙan tukunya da soket ɗin da na ware a cikin ruwan batir, zan iya samun wani abin sayarwa daga cikinsu?

Malamin Kimiyya Tudun Wada ya sake amsawa:

Malam, don Allah kada ka gwada wannan. Sabbin robobin an gina su ne tun daga tushe da wani irin ƙulli wanda asid yake iya kwancewa, su kuwa tsofaffin da ke hannunka ƙullinsu daban ne, ruwan batir ba zai mayar da su komai ba, sai dai ya ƙone hannun yaranka ko ya makantar da wani, ragowarsa kuma ya gangara rijiyoyin maƙwabta. Ko inda ake yin wannan aiki da gaske, a rufaffen wuri ake yinsa. Kamfanin Siemens Gamesa ya fito da fukafukan injin iska da ake iya warware robarsu a 2021, aka fara kafa su a tekun Jamus a shekarar da ta biyo, kuma warwarewar aikin masana'anta ne mai tankuna da ma'aikata masu kayan kariya. Kada kuma ka ƙone su, musamman idan akwai guntayen bututu mai lamba 3 a ciki, domin hayaƙinsa yana ɗauke da sinadarin da yake cin huhu.

Hajiya, buƙatarki ta farko tana da magani tun da daɗewa. Hasken rana ne yake tsinka zarurrukan robar, kuma ana hana shi ta hanyar cakuɗa mata baƙin garin gawayi na musamman ko wasu sinadaran kariya, abin da ya sa tankunan ruwa da tiyon ban-ruwa masu inganci suke baƙaƙe. Buhun da yake ruɓe miki a wata uku an yi masa rowar wannan kariya ne don ya yi araha.

Ta biyun ta fi wuya. Akwai robar PLA da ake yi daga sitacin masara ko rake, amma ba ta ruɓewa da sauri sai a wurin haɗa taki mai zafin da ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, don haka idan ta faɗa kwata za ta daɗe a can, kuma idan ta shiga cikin kayan Malam mai inji za ta ɓata masa su. Akwai kuma PHA, wadda ƙwayoyin bakteriya suke tarawa a cikin jikinsu, ita tana ruɓewa a cikin ƙasa da ruwa, tsada ce ta hana ta yaɗuwa. A 2016 masana a Japan sun sanar da gano wata bakteriya a wurin tara tsofaffin gorori a garin Sakai wadda take cin robar PET, kuma kamfanin Carbios na Faransa yana amfani da sinadaran narkarwa irin na halittu wajen mayar da gora da yadin roba asalinsu. Jiharmu tana cikin manyan masu noman masara a ƙasar nan, kuma a Zariya akwai sashen nazarin roba da saƙa a Jami'ar Ahmadu Bello, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa. Malam mai inji, idan ƙaninka ya zo hutu ka ba shi kilo ɗaya na baƙin ɓarɓashin da ya nutse maka a tanki ya kai wa malamansa, su gwada ko zai yi aiki a matsayin ciko a cikin bulon daɓe.